Me ya sa tallan keken ɗinkin da na duba yake bina duk shafin da na buɗe?

Tela a Jekadafari ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaida jagororin wannan zaure da sauran 'yan'uwa baki ɗaya, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Ni tela ce a unguwar Jekadafari da ke cikin garin Gombe, kuma akwai wani al'amari da ya ɗaure mini kai, wanda nake roƙon masana harkar intanet su warware mini shi.

Kwanakin baya na shiga wani shafin sayar da kaya ta wayata domin in duba farashin keken ɗinki mai aiki da lantarki, saboda nawa na ƙafa ya tsufa, ga shi kuma ɗinkin sallah yana tafe. Na ga wani fari mai ɗan teburi, na buɗe hotunansa, har na jefa shi cikin kwandon saye, amma da aka haɗa mini da kuɗin kawo shi Gombe sai na ga abin ya fi ƙarfin aljihuna, na rufe shafin na ci gaba da harkokina. Ban buɗe asusu a wurinsu ba, ban rubuta sunana ba, ban kuma ba su lambar wayata ba. Duk da haka, tun daga ranar keken nan bai rabu da ni ba. Idan na buɗe shafin labarai yana tsakiyar labarin, idan na shiga neman sababbin samfuran ɗinki yana gefe, haka nan a manhajar sada zumunta da nake amfani da ita, kuma ba wani keke mai kama da shi ba ne, shi ɗin ne dai, da hotonsa da farashinsa.

Maƙwabciyata ta ce wayar ce take sauraron hirar mutane, tun da na sha yin maganar keken a gida. Shin haka ne? Idan ba haka ba ne, ta yaya shafukan da ba su da wata alaƙa da juna suka san abin da na duba? Shin sun san sunana da unguwar da nake zaune? Sannan akwai hanyar da zan bi in hana? Allah Ya saka da alheri.

Malamin Kwamfuta daga Tudun Wada ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi. Hajiya, ki kwantar da hankalinki game da batun sauraro, domin abin da kika bayyana ba ya buƙatar a saurari kowa. Da hannunki kika buɗe hoton keken, da hannunki kika sa shi a kwando, kuma wannan ya fi duk wata hira da za a ji a tsakar gida bayyana niyyarki. Abin da ya ɗauki labarin daga wancan shafi zuwa sauran shi ne wani ɗan ƙaramin rubutu da ake kira kuki, wanda shafin intanet yake ajiyewa a cikin burauzar wayarki, wato manhajar da kike buɗe shafukan intanet da ita, ita kuma burauzar take mayar masa da shi duk lokacin da kika sake haɗuwa da shi.

Asalin kuki ba don talla aka yi shi ba. Wani injiniya mai suna Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape na Amurka a shekarar 1994, saboda a wancan lokaci shafi ba ya iya tuna mutum daga buɗewa ɗaya zuwa ta gaba, ta yadda da kin zaɓi kaya kin matsa shafi na biyu, an manta da ke da abin da kika zaɓa. Kukin da shagon ya ajiye miki da kansa shi ne ya sa kwandonki ya riƙe keken, kuma irin wannan babu abin zargi a cikinsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne, shafin da kike gani a matsayin abu ɗaya ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba. Rubutu da hotunan kaya daga kwamfutocin shagon suke fitowa, amma a cikin shafin an dasa wasu 'yan layukan umarni na kamfanonin dillancin talla, irin su Google da Meta (mai Facebook da Instagram) da Criteo na ƙasar Faransa, waɗanda ba a ganinsu da ido. Da shafin ya buɗe, burauzarki takan tuntuɓi kwamfutocin waɗannan kamfanoni su ma, su kuma su ajiye nasu kukin mai ɗauke da wata doguwar lamba da ba kowa ke da irinta ba sai ke. Daga nan sai su rubuta a kundinsu cewa mai wannan lamba ta duba kaza, da ƙarfe kaza, ta sa a kwando, ba ta biya ba. Washegari da kika buɗe shafin labarai, shi ma akwai layukan kamfanin nan a cikinsa, domin ta hanyarsu yake sayar da gurbin talla ya sami kuɗin shiga. Burauzarki ta miƙa musu lambar jiya, suka gane ki. Shagon da shafin labaran ba su san juna ba, kuma doka ce ta burauza cewa wani shafi ba ya iya karanta kukin wani. Abin ya yi kama da dillali ɗaya da ya zaunar da yaransa a rumfuna da yawa na Babbar Kasuwar Gombe: masu rumfunan ba su yi shawara da juna ba, amma duk inda kika tsaya akwai yaronsa da ya shaida ki, kuma labarin wuri ɗaya yake komawa.

Abin da yake biyo baya ya fi ban mamaki. A ɗan lokacin da shafin labaran yake buɗewa, ana yin gwanjon gurbin tallan da za ki gani, kuma ana gama shi cikin kimanin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Ana aika wa masu talla da yawa bayanin cewa ga gurbi a shafi kaza, ga irin wayar, ga yankin da ake zaton mai ita take, ga lambarta. Kwamfutar kowane mai talla tana duba ko ta san lambar, ta faɗi abin da za ta biya. Mai tallan sabulu bai san komai a kanki ba, don haka tayinsa kaɗan ne. Shagon da kika bar keke a kwandonsa kuwa ya san kin kusa saye, saboda haka yakan taya da tsada ya cinye gwanjon, sannan kwamfuta ta ɗauko hoton ainihin keken da farashinsa ta liƙa a gurbin. Kamfanonin kuma sukan daidaita lambobinsu a tsakaninsu, wannan ya san cewa lambarsa ta kaza ita ce lambar wancan ta kaza, wanda hakan ke ƙara faɗaɗa inda za a iya gane mutum.

Wannan sana'a ta daɗe. Kamfanin DoubleClick ya shahara da ita tun kafin shekarar 2000, kuma a 2007 Google ya sanar da sayensa a kan dala biliyan 3.1, abin da zai nuna miki darajar wannan 'yar lamba a wurinsu.

Game da suna, kukin kansa lamba ce kawai, babu sunanki a ciki. Wurin zama kuma zato ake yi daga adireshin intanet na layinki, kuma ga masu amfani da datar waya a ƙasar nan sau da yawa yakan nuna Legas ko Abuja alhali mutum yana Gombe. Sai dai akwai sharaɗi mai nauyi. Idan kina cikin asusunki na Google ko na Facebook a wannan waya, to kamfanin da ya dasa layukansa a shagon shi ne kuma yake riƙe da sunanki da lambar wayarki da hotunanki, don haka haɗa biyun ba wani aiki ba ne a wurinsa.

Mai Turare a Wunti, Bauchi, ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah Ya ƙara basira. Ni zan yi magana ne daga ɗaya ɓangaren, domin ina cikin masu biyan kuɗin irin wannan talla. Ina sayar da turaren wuta da humra da turaren kaya, kuma ɗan yayana ya buɗe mini ɗan ƙaramin shafi, ya dasa mini abin da ake kira Meta Pixel a ciki, wato irin layukan umarnin nan da Malam ya ambata.

Hajiya, in gaya miki abin da nake gani a nawa allon. Ba na ganin sunan kowa, ba na ganin lambar wayar kowa. Abin da ake nuna mini shi ne adadin mutanen da suka ziyarci shafin, da waɗanda suka buɗe wani kaya, da waɗanda suka fara saye suka fasa. Sai in zaɓi rukuni na ƙarshe in ce a nuna musu tallana, in kuma zaɓi tsawon kwanakin da za a ci gaba da nuna musu. A tsarin Meta ana iya kaiwa kwana 180, a na Google kuma an saba farawa da kwana 30 amma ana iya ja har zuwa 540. Wannan ne ya sa wani tallan yakan ɓace bayan mako biyu, wani kuma ya yi ta bin mutum wata da watanni. Idan kuma kika ga ana tallata miki abin da kika riga kika saya, sakacin mai tallan ne, domin akwai wurin da zai cire waɗanda suka biya daga rukunin, bai yi ba, yana ta asarar kuɗinsa.

Dalilin da ya sa muke yi a bayyane yake. Ƙaramin ɗan kasuwa irina ba shi da kuɗin allon talla a bakin titi ko na gidan rediyo, ga harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kuɗin tallan Facebook a Najeriya tun farkon 2022. Idan zan kashe naira dubu biyar, gara in kashe ta a kan matar da ta riga ta nuna sha'awar humrata, da in watsa ta ga samarin da ke neman sakamakon ƙwallo. Mutane da yawa ba sa saye a gani na farko. Sukan jira albashi, ko su shawarci maigida, ko su kwatanta farashi, kuma tunatarwar tana dawo da wasunsu. A ganina babu cutarwa a ciki, tun da talla dole ne a gan shi, kuma gara mutum ya ga na abin da yake so.

Lauya a Tumfure ta amsa:

Alhaji, da girmamawa, ban yarda da ƙarshen maganarka ba, ko da yake na yarda cewa kai ba ka ganin sunan kowa. Matsalar ba a allonka take ba, tana cikin kundin kamfanin da yake tsakani. Kai shafinka kaɗai ka sani, shi kuwa yana cikin dubban shafuka, saboda haka lambar da ta duba turare a wurinka ita ce ta karanta bayani kan wata cuta da dare, ita ce ta nemi bashi a wani shafi, ita ce ta duba maganin haihuwa. Keken ɗinki ba abin ɓoyewa ba ne, amma hanyar da ta kawo tallansa ita ce take tattara sauran, kuma babu wanda ya zaunar da Hajiya ya tambaye ta ko ta amince. Mu da aka tarbiyyantar da mu a kan cewa bin diddigin sirrin mutane haramun ne, bai kamata mu ɗauki abin da sauƙi ba don kawai kwamfuta ce take yi.

Doka ma ba ta ɗauke shi da sauƙi ba. A Tarayyar Turai, tun gyaran da aka yi wa dokar sirrin sadarwa a 2009 ake buƙatar izinin mutum kafin a ajiye masa kukin da ba dole ba ne ga aikin shafi, sannan babbar dokarsu ta kare bayanai ta fara aiki a watan Mayun 2018. Wannan ne asalin akwatin da yake tare miki fuska yana neman ki amince da kukis. A watan Janairun 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa ta sanar da cin tarar Google Yuro miliyan 150, Facebook kuma Yuro miliyan 60, a kan abu guda: sun sa amincewa ta zama dannawa ɗaya, ƙin amincewa kuma sai an bi matakai da dama. A 2023 hukumar ta ci tarar Criteo, wanda Malam ya ambata, Yuro miliyan 40.

A nan gida, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a watan Janairun 2019, lokacin da ɗan Gombe, Isa Ali Pantami, yake shugabantarta. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan cikakkiyar Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Dokar ta ce shirun mutum ba amincewa ba ne, ta ba shi ikon janye amincewarsa, ta kuma ba shi ikon ƙin a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya kai tsaye. A watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda ya tafiyar da bayanan 'yan Najeriya, kuma kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025.

Wannan doka ba manyan kamfanoni kaɗai ta shafa ba, Alhaji. Duk mai shafin da ya dasa irin waɗannan layuka yana da alhakin sanar da masu ziyara da neman yardarsu, don haka ina ba ka shawara ka sa ɗan yayanka ya duba ko shafinka yana yin hakan.

Tela a Jekadafari ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Alhaji da Barista, Allah Ya bar zumunci. Ɗana ya taimaka mini mun goge kukis ɗin da ke cikin burauzar, kuma lallai keken ya ɓace daga shafukan labarai. Sai dai har yanzu yana nan a manhajar sada zumunta, kuma na lura yana fitowa a cikin wani wasan da ƙananan yarana suke yi a wayar idan na ba su. Shin wani abu muka bari ba mu goge ba?

Mai Gyaran Waya a Pantami ya amsa:

Hajiya, ba ku yi kuskure ba, abin da kuka goge ne bai kai can ba. Kuki a burauza yake zaune, manhajoji kuwa da wata hanya suke gane waya. Kowace wayar Android, ko Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung, tana da lambar talla tata ta kanta, wadda wasanni da sauran manhajojin kyauta suke karantawa su miƙa wa dillalan talla. Ita kuma manhajar sada zumunta ba ta ma buƙatar wannan, tun da kina cikin asusunki, kuma labarin ziyararki shagon ya riga ya isa kundinsu an haɗa shi da asusun. Goge abin da ke wayarki ba ya goge abin da ke wurinsu.

Ga abin da nake yi wa masu kawo mini irin wannan ƙorafi a shago. A cikin saitin wayar, ƙarƙashin Google ko sashen sirri, akwai wurin tallace-tallace, inda za ki iya goge lambar tallan gaba ɗaya ko ki canja ta da sabuwa. A Facebook da Instagram kuma, kowane talla yana da ɗigo uku a samansa; idan kika danna za ki iya ɓoye shi, za ki kuma ga bayanin dalilin da ya sa aka nuna miki shi. A cikin saitin asusun akwai shafin da yake jera kamfanonin da suka aiko da bayanin ziyararki daga waje, wanda Facebook ya buɗe wa duniya a Janairun 2020, kuma a nan za ki iya raba tsohon bayanin da asusunki ki kuma hana haɗa na gaba. Yawancin waɗanda na buɗe wa wannan jeri sukan yi shiru na ɗan lokaci suna karanta sunayen, domin sukan tarar da shagunan da suka manta sun taɓa shiga.

Sai batun burauza, domin idan ba a toshe ƙofar ba, kukis ɗin da aka goge za su sake taruwa. Safari na wayoyin iPhone yana toshe kukis na kamfanonin waje da kansa tun 2020, Firefox kuma ya fara toshe masu bin sawu tun 2019. Chrome, wanda shi ne yake zuwa a yawancin wayoyinmu, a 2020 Google ya ce zai daina karɓarsu cikin shekara biyu, ya yi ta ɗagawa, daga bisani a 2024 ya janye maganar. Saboda haka sai kin shiga saitin Chrome da kanki, sashen sirri da tsaro, kin zaɓi a toshe su. Shafin sirri na burauza da ake kira Incognito yana taimakawa wajen duba farashi, domin kukis ɗinsa suna gogewa da zarar an rufe shi, amma amfaninsa yana ƙarewa da zarar mutum ya shiga asusunsa a ciki.

Ba zan ce miki wannan zai kawo ƙarshen bin sawu ba. Kamfanonin sun daɗe da shirya wa toshewar: wasu suna sa shagon ya ajiye kukin da sunansa sannan ya aika musu da bayanin, wasu shagunan suna tura lambobin wayar abokan cinikinsu kai tsaye daga kwamfutarsu zuwa ta kamfanin talla, wasu kuma suna gane waya ta haɗa samfurinta da girman allonta da harshen da aka saita mata. Amma matakan suna rage abin sosai, kuma shaida ita ce lokacin da Apple ya wajabta wa manhajoji neman izini kafin bin sawu a 2021, Meta da kansa ya ce hakan zai rage masa kimanin dala biliyan 10 a 2022.

Tun da kin ce yara suna ɗaukar wayar, ki sani cewa dillalin talla bai san hannun da ke riƙe da ita ba, duk wanda ya ɗauka abin da mai ita ya duba zai gani. Na sha ganin magidancin da ya duba akwatunan lefe a ɓoye, tallan ya fito a gaban uwargida tun kafin ya shirya yadda zai faɗa mata. Idan waya ta gida ce, gara a riƙa duba abin da ba a so a sani a Incognito, ko a ware masa wata burauza dabam. Abu na ƙarshe, bayan kin toshe kukis na waje za ki iya cin karo da wani shafin biyan kuɗi ko na cike fom da zai ƙi aiki yadda ya kamata. Idan haka ta faru, a wurin da kika toshe akwai damar ba wa wannan shafi kaɗai izini, ki gama abin da kike yi, sannan ki cire shi daga jerin.